Kalmomin caca a bakin injiniya: sharhi kan darasin share fage na awon yiwuwa da ƙididdiga

0. Gabatarwa

A makarantun da ke horar da injiniyoyi da Faransanci akwai wani darasi mai suna « probabilités et statistique », wanda ɗalibi ke cin karo da shi a shekara ta farko ko ta biyu bayan bakaloriya, ko gine-gine yake karantawa, ko ma'adinai, ko wutar lantarki, ko aikin ruwa. A cikin wannan maƙala za mu kira shi « awon yiwuwa da ƙididdiga », za mu kuma kawo dalilin wannan suna a kashi na 4. Abin da muka sa gaba shi ne sharhi kan darasin kamar yadda ya zauna a cikin littattafan share fage da takardun da malamai ke bugawa suna rabawa. Lissafin da ke ciki mun bar wa masu shi. Harshen da ake koyar da shi ne za mu duba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, darasin yana horar da ɗalibi ya fitar da adadi, sa'an nan ya ƙyale shi a daidai wurin da ya fi bukatar jagora, wato wurin mayar da adadin nan magana. Alhali kuwa aikin injiniya da magana yake ƙarewa. Shi ne zai tsaya gaban magajin gari da ɗan kwangila da mutanen ƙauyen da za a yi wa gada, ya faɗa musu abin da ginin zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba, kuma in a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, da Hausa zai faɗa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Saboda haka maganar fassara irin wannan darasi za ta taso ko ba daɗe ko ba jima, kuma gara a san inda ramukan suke kafin a kama hanya.

1. Fasalin darasin da asalin misalansa

Tsarin darasin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana farawa da dabarun ƙirga, sai ma'anar da Laplace ya bayar (adadin yanayin da ake so a raba da adadin duk yanayin da ke iya aukuwa), sai ƙa'idodin da Kolmogorov ya shimfiɗa a 1933, sai yiwuwa mai sharaɗi da ƙa'idar Bayes, sai manyan « lois ». Kintace daga samfur da gwajin zato da neman dangantaka tsakanin awo biyu su ne ke zuwa ƙarshe, galibi lokacin da shekarar karatu ta riga ta ƙare wa malami. Ya kamata a ba wannan tsari haƙƙinsa: kowane babi yana tsaye kan wanda ya gabace shi, kuma ɗalibin da ya bi shi zai iya buɗe babban littafi irin na Gilbert Saporta (1990) ya gane hanya.

Sai dai misalan da ke cike babukan farko daga teburin caca suka fito: ɗan lido mai fuska shidda, karta 52, jefa tsabar kuɗi, ciro ƙwallo daga tukunya. Tarihi ne ya kawo haka. Wasiƙun Pascal da Fermat na 1654 kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse ne suke magana, littafin Huygens na 1657 kuma kan wasannin sa'a ne. Kalmomin ma sun riƙe warin wurin da suka fito. « Aléa » a Latin sunan wasan ɗan lido ne. « Chance » daga aikatau na faɗuwa ta fito, wato yadda ɗan lido ya faɗi. « Hasard » kuwa, masu bin asalin kalmomi da yawa suna danganta ta da sunan ɗan lido a Larabci, ta hanyar harshen Sifen.

Akwai aibi biyu a nan, ɗaya ƙarami, ɗaya babba. Ƙaramin shi ne nisan misalan da rayuwar ɗalibi. Mafi yawan ɗalibbanmu sun tashi ne a gidajen da ake kallon caca a matsayin haramun, bisa ayoyin suratul Baƙara (219) da suratul Ma'ida (90). Wanda bai taɓa riƙe karta ba sai ya fara haddace yawan launuka da sarakuna kafin ya kai ga lissafi. Kalmar « urne » kuma, akwatin zaɓe ɗalibi ya sani da ita. Wannan duka malami mai haƙuri zai iya gyara shi cikin awa guda.

Babban aibin yana cikin ilimin kansa. Ɗan lido an sassaƙa shi ne domin fuskokinsa shidda su zama daidai, saboda haka an san awon yiwuwar kowace fuska tun kafin a jefa. Injiniya ba ya samun irin wannan gata. Ba wanda ya sassaƙa damina, ba wanda ya san fuska nawa ƙarfin kankare yake da su. Jacques Bernoulli da kansa ya lura da haka a kashi na huɗu na littafinsa da ya fito a 1713, inda ya nuna cewa ba a iya ƙirga yanayin cututtuka ko na iska kamar yadda ake ƙirga fuskokin ɗan lido, sai dai a lura da abin da ya auku sau da yawa a kintata. In ana son abin jefawa a aji, wuri ya fi ɗan lido amfani. Wuri yana faɗuwa baki sama ko a kife, amma ba mai iya cewa rabi da rabi ne. Dole a jefa sau 100, a sake sau 100, a ga yadda sakamako ke sauyawa, a tambayi sau nawa ya isa. Ke nan tun ranar farko ɗalibi ya shiga halin da zai zauna a ciki duk tsawon aikinsa, kuma ya ga dalilin babukan nan na ƙarshe da ake yi wa gaggawa.

2. Kalmomi masu fuska biyu

Abu na biyu da darasin bai kula da shi ba shi ne, kusan duk kalmominsa na fannin aro ne daga Faransancin yau da kullum. Ɗalibin da Faransanci ne harshen gidansu ma suna ruɗa shi. Namu ɗalibin, wanda a makaranta ya koyi harshen, yana riƙe da ma'anar farko da aka koya masa, kuma ita yake juyawa zuwa Hausa a cikin kansa. Ga kaɗan daga cikinsu, tare da Hausar da ke fara zuwa baki:

(1) « espérance » : fata, sa rai
(2) « loi » : doka
(3) « normale » : daidai, yadda ya kamata
(4) « événement » : abin da ya faru
(5) « indépendance » : ƴancin kai
(6) « confiance » : yarda, amana
(7) « significatif » : muhimmi

Kalma ta (1) daga « expectatio » ta fito, wadda aka yi amfani da ita a fassarar Latin ta littafin Huygens, kuma asalinta ƙimar abin da ɗan wasa ke da haƙƙin tsammani ne. « Espérance » ta ɗan lido 3,5 ce, adadin da ba ya kan kowace fuska, wanda ba mai fatar ganinsa. Ana kuma lissafa « espérance » ta asara ko ta yawan hatsari, abin da kalmar fata ba za ta iya ɗauka ba. Doka a (2) abu ne da ake bi dole, mai karya ta ya yi laifi. Amma « loi » ta fannin bayani ce kawai na yadda awon yiwuwa ya rarrabu. In aka haɗa (2) da (3) sai a samu « loi normale », sai ɗalibi ya ɗauka duk awon da bai bi siffar ƙararrawa ba yana da wata cuta. Ruwan sama na yini guda bai taɓa bin wannan siffa ba, haka ma cikar kogi mafi girma ta kowace shekara, wadda saboda irinta ne Gumbel ya rubuta littafinsa na 1958. Sunan « loi de Laplace-Gauss », wanda Faransawa suke da shi tun da, ya fi aminci domin ba ya yabon kowa.

A (4) Hausa ta sa abin cikin shuɗaɗɗen lokaci, alhali « événement » tarin sakamako ne da ake tambaya a kansa, mai yiwuwa ma ba zai taɓa aukuwa ba. (5) ba ta da haɗari sosai domin kuskuren a fili yake. (6) da (7) su ne masu cutarwa a ɓoye. Kashi 95 cikin 100 na « intervalle de confiance », yadda Neyman ya tsara shi a 1937, siffa ce ta hanyar da aka bi: in an maimaita ɗiban samfur sau da yawa, 95 cikin kowane tazara 100 da aka fitar za su kama adadin gaskiya. Kalmar yarda tana kwashe wannan siffa daga hanya ta ɗora ta kan zuciyar mai magana. « Significatif » kuma, tun littafin Fisher na 1925, abin da take nufi shi ne bambancin da aka gani da wuya ya fito daga sauye-sauyen samfur kaɗai in babu bambanci na gaske. Bambanci ƙanƙane marar amfani ga magini yana iya zama « significatif » in samfur ya yi yawa. Ruɗanin ya kai har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi a kansa a 2016. In masu harshen sun yi tuntuɓe a nan, bai kamata a bar ɗalibinmu ya ƙetare shi ba fitila ba.

3. Inda kuskuren kalma ke zama asara

Misalin da ya fi nuna nauyin abin shi ne « période de retour » da ƴaƴanta, « crue décennale » da « crue centennale ». Da su ake auna girman ƙananan gadoji da madatsun ruwa da shingen kogi. Hanyar da Rodier da Auvray na cibiyar ORSTOM suka fitar a 1965 domin ƙananan kwaruruka na Afirka ta Yamma, wadda aka sabunta a littafin FAO na 1996, kan « crue décennale » aka gina ta. Ga yadda ake yawan jin fassarar « crue centennale » :

(8) Ambaliyar da takan zo duk shekara 100.

Jimla ta (8) Hausa ce mai kyau, kuma ƙarya ce. « Kan » na lokacin sabo da « duk » na maimaici sun haɗu sun ba ambaliya kalanda, kamar kasuwar da ke ci kowace Litinin. Mai sauraro zai fahimci cewa in ta zo bana, an huta sai jikoki. Laifin kuwa daga Faransancin ya taso, domin « période » da « retour » duka dawowa a kan lokaci suke nunawa. Abin da fannin ke nufi shi ne, a kowace shekara awon yiwuwar ruwa ya kai wannan girma ko ya wuce shi 1 ne cikin 100. Daga nan lissafi mai sauƙi yana nuna cewa cikin shekara 30 awon yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya kashi 26 ne cikin 100, cikin shekara 50 ya kusa kashi 40, cikin shekara 100 kuma kashi 63 ne kawai. Gadar da aka auna da « crue décennale », awon yiwuwar ruwa ya fi ƙarfinta aƙalla sau ɗaya cikin shekara 20 kashi 88 ne cikin 100. Magajin garin da aka gaya wa (8) da wanda aka gaya wa waɗannan alƙaluma ba za su yanke shawara ɗaya ba game da raba filaye a bakin gulbi.

Akwai kuma sharaɗin da lissafin nan ya dogara a kai, wanda littattafan share fage ke ambata cikin layi guda su wuce: dole shekarun su zama kamar jifa da wuri ɗaya, wato abin da ke haifar da su bai sauya ba. Tarihin ruwan Sahel ya saba wa wannan. Shekarun 1950 na yalwar ruwa ne. Daga wajen 1968 zuwa 1970 aka shiga dogon fari, wanda ya yi tsanani a 1973 da 1984. Duk da raguwar ruwan sama, masana sun tarar ruwan da ke kwarara a ƙoramu da yawa ya ƙaru, domin ƙasa ta tsiraita ta yi ɓawo, ba ta shan ruwa kamar da. A Yamai kogin Isa cika biyu yake yi: jar cika ta damina, wadda ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa, da cikar da ke isowa daga Gini a lokacin sanyi. Jar cikar 2012 ta wuce duk abin da aka auna tun 1929, ta 2019 ta wuce ta, sa'an nan a watan Satumba 2020 ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai. A daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram kuma ya rushe a farkon Satumba. Ɗalibin da aka rena da ɗan lido zai ce rashin sa'a ne ya jeru. Wanda aka rena da ma'aunin ruwa zai fara tambaya ko wurin da ake jefawa ne ya canza.

4. Abin da Hausa ke da shi

4.1. Kalmomi

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba, sai dai kowace tana ɗauke da kayanta. « Sa'a » da « dace » da « katari » alheri suke nunawa, « tsautsayi » sharri. « Rabo » da « ƙaddara » suna magana kan abin da aka riga aka rubuta. « Kasada » halin mutum ne mai jefa kansa. Babu ko ɗaya da ta dace da « hasard » na fannin, wanda ba ya yabo ba ya zargi. Musamman muna ganin a nisanci « ƙaddara », domin sa ta cikin darasi zai buɗe gardamar da ba ta da dalili. Laplace, a maƙalarsa ta 1814, yana ganin komi na da sababinsa, awon yiwuwa kuma gwargwadon jahilcinmu ne game da sababan. Ilimin bai ce komi ba kan wanda ke juya al'amura; iyakar saninmu yake aunawa. Haka ma « in Allah ya so » ba ta cikin ma'auni, domin ana faɗinta ga abin da ake da yaƙini a kansa da wanda ake shakka.

« Yiwuwa » ita kaɗai « possibilité » take fassarawa: abu ko yana yiwuwa ko ba ya yiwuwa. Shi ya sa muka ƙara « awo », domin a ji cewa adadi ne tsakanin 0 da 1. Game da « au hasard », fassara irin « barkatai » ko « kara-zube » tana juya ma'ana gaba ɗaya, domin ɗiban samfur na fannin aiki ne mai tsari. « Ƙuri'a » ta fi kusa: kowa ya san ana yin ta ne domin kada son rai ya shiga, kuma ba ta da ƙyamar caca. Mai sayen hatsi da ke cusa hannu tsakiyar buhu da gindinsa, domin ya san mai kyau ake zubawa a baki, ya riga ya fahimci dalilin abin. « Matsakaici » kuma tana bukatar rabawa, domin tana rufe « moyenne » da « médiane » gaba ɗaya, alhali a awon ruwan sama, inda ƴan kwanaki kaɗan ke kawo ruwa mai yawa, su biyun suna nesa da juna.

4.2. Jimla

A ganinmu ƙarfin Hausa a nan ya fi yawa a ginin jimla. Harshen yana da tsani na kalmomin zato: tabbas, lalle, galibi, da alama, mai yiwuwa, wataƙila, da wuya, da ƙyar, faufau. Yana kuma da bambanci a cikin lokutan aikatau:

(9) a. ruwaa yaa zoo
b. ruwaa zâi zoo
c. ruwaa yâa zoo

(9a) shuɗaɗɗe ne, (9b) mai zuwa na ɗaya, (9c) mai zuwa na biyu, wanda ke nuna tsammani marar ƙarfin (9b), kuma shi ne Newman ya bayyana a nahawunsa na 2000 a matsayin lokacin yiwuwa. Ya kamata a lura cewa rubutun yau da kullum, da yake ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, yana rubuta (9a) da (9c) iri ɗaya: « ruwa ya zo ». Saboda haka (9c) tana da amfani a bakin malami, amma a rubutaccen rahoto haɗari ce.

Abu na biyu shi ne yadda Hausa ke faɗin kaso. Inda Faransanci ya dunƙule « pour cent » cikin alama guda, Hausa na cewa « kashi 5 cikin 100 », kuma « cikin » ɗin nan yana jawo tambaya: cikin ɗarin me? Wannan tambaya ita ce zuciyar yiwuwa mai sharaɗi. A ɗauki misali na ƙirƙira. Wani ɗan kwangila yana buga bulo, kashi 2 cikin 100 suna fitowa da rauni. Akwai gwajin da ke kama kashi 90 cikin 100 na masu rauni, amma yana zargin kashi 5 cikin 100 na lafiyayyu. In gwajin ya zargi wani bulo, mene ne awon yiwuwar yana da rauni? Amsar da ke fara zuwa ita ce kashi 90, domin « sachant que » ba ta hana a juya sharaɗi da abin da aka sharɗanta. Ga shi da Hausa:

(10) Cikin bulo 1000, 20 ne masu rauni. Daga cikin 20 ɗin nan gwaji zai kama 18. Daga cikin lafiyayyu 980 zai zargi 49. Waɗanda aka zarga duka 67 ne. Daga cikinsu 18 ne masu rauni.

Amsa ke nan ta fito, 18 cikin 67, wajen kashi 27 cikin 100, ba tare da an rubuta ƙa'idar Bayes ba. « Daga cikin » ba ta tsayawa sai an faɗi rukunin da ake ɗiba daga gare shi, don haka juyawar nan tana wuya. Binciken Gigerenzer da Hoffrage na 1995 ya nuna cewa mutane sun fi warware irin wannan tambaya in an ba su ita da ƙirga maimakon kaso. Abin da su suka ba da shawarar a koma gare shi, Hausa a kansa take tun asali. In muka bi wannan hanya, (8) za ta koma:

(11) Kowace damina, awon yiwuwar ruwa ya kai nan ko ya wuce 1 ne cikin 100, kuma zuwansa bana ba ya hana shi zuwa baɗi.

(12) In aka gina gada 100 irin wannan a wurare 100 da ruwansu bai haɗu ba, cikin shekara 30 ruwa zai haura wajen 26 daga cikinsu, ko da sau ɗaya.

5. Hujjar masu lissafi da haɗarin jerin kalmomi

Abokan aikinmu na fannin lissafi suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Suna cewa alama ba ta da harshe: ma'anar kowace kalma an ba da ita cikin ƙa'ida, ɗalibin da ya riƙe ƙa'idar ba ruwansa da abin da kalmar ke nufi a kasuwa. Suna ƙarawa da cewa sa'o'in darasin ba su da yawa, kuma injiniya zai karanta ƙa'idojin aiki da takardun kwangila da Faransanci ko Ingilishi. Mun yarda da rabin wannan. Ba mu neman a cire alama ko a ɓoye wa ɗalibi kalmomin Faransanci. Amma jarrabawar da ke tsayawa kan adadi ba ta iya bambance ɗalibin da ya fahimta da wanda ya iya sa alƙaluma cikin ƙa'ida yana riƙe da ma'anar (8) a ransa. Dukansu za su rubuta 0,01, dukansu za su samu maki ɗaya, bambancinsu sai ranar da suka tsaya gaban mutane.

Mu masana harshe ma akwai gargaɗin da ya shafe mu. Aikin ƙirƙirar kalmomi a harsunan ƙasa, tun makarantun gwaji na shekarun 1970, ya fi karkata ga jeri mai gefe biyu, Faransanci hagu, Hausa dama, suna ɗaya ga suna ɗaya. Wannan hanya ta yi amfani ga sunayen siffofi da sassan jiki. In aka bi ta a nan za a samu « dokar daidai » da « tazarar amana » da « lokacin dawowa », wato a kwaso duk ruɗanin Faransanci a shigo da shi Hausa, a ƙara masa da hatimin hukuma. Kalmar da aka buga a ƙamus kuma wuyar cirewa gare ta.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara ukku. Ta farko, a buɗe darasin da awo na gaske. Ƙasar nan ba ta rasa su ba: hukumar kula da yanayi tana da dogon jerin awon ruwan sama na manyan garuruwa, cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, kuma a farkon shekarun 1990 shirin EPSAT-Niger ya kafa ma'aunin ruwa wajen 100 a kewayen Yamai. Ɗan lido da karta su zo daga baya, a matsayin yanayi na musamman inda aka san amsa tun farko. Ta biyu, kowace tambayar jarrabawa ta ƙare da umurnin a faɗi sakamako cikin cikakkiyar jimla wadda marar lissafi zai fahimta, da Faransanci da kuma harshen ƙasa da ɗalibi ya iya, a ba wannan jimla maki nata. Ta ukku, in za a yi ƙamus na fannin, a fara da tattara jimlolin da malaman lissafi da injiniyoyin ruwa da masana harshe suka amince sun faɗi gaskiya, irin (10) da (11) da (12), a gwada su kan masu sauraro a Maraɗi da Damagaram da Tawa, domin a ga ko karin harshe yana sauya fahimta. Sunaye su biyo baya, a ciro su daga cikin jimlolin da suka ci gwaji.

Ba mu taɓo babin gwajin zato ba sai a gurguje, kuma a can ne korewa biyu ke haɗuwa cikin jimla ɗaya, kamar a « on ne rejette pas l'hypothèse nulle ». Yadda Hausa, mai korewa da « ba ... ba », za ta ɗauki wannan ba tare da ta mayar da rashin ƙi ya zama amincewa ba, tambaya ce da ta cancanci nata nazari, kuma muna gayyatar ɗalibban digiri na ukku su ɗauke ta.